Ragar ɗora kokwamba: tana biyan kuɗinta idan an kafa ta daidai

Karan kokwamba ba ya iya tsayuwa da kansa. Abin da take hawa da shi wani siririn zare ne da ke fitowa a gindin ganye. Zaren yana ta lilo har ya taɓa wani abu, sai ya naɗe shi, sauran tsawonsa kuma ya murɗe, rabi ta dama rabi ta hagu, ya jawo karan kusa. Duk wanda ya lura da garafuni ko soso a jikin danga ya ga wannan aiki. Shi ya sa raga ta fi sanda dacewa da kokwamba: zaren ba ya iya zagaye gora mai kauri, amma igiyar raga nan da nan yake cafke ta.

Ragar nailan da shagunan kayan noma ke sayarwa a naɗe take zuwa, fara ko koriya. Wadda ta fi kyau ita ce mai ido santimita 15 kowane gefe, tsayinta mita 1.5 zuwa 2. Hannu yana shiga ya tsinko 'ya'yan da ke ɗaya ɓangaren. Mai ƙananan ido ba ta yi ba, don kokwamba takan girma a cikin idon, igiya ta shaƙe ta.

Ragar kanta ba ta ɗaukar nauyi, kuma a nan mutane suka fi yin asara. Nauyin yana kan turaka da wayar sama. A samu gora ko itacen turare mai tsawon mita 2.5, a binne rabin mita, a bar tazarar mita 3 tsakani. Turakan bakin kunya biyu su fi kauri, a ɗaure su da wani turke ta baya. A ratsa waya ta layin idon sama tun kafin a warware ragar, a ja ta ta yi tsam, sannan a zura igiya ta ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga kan kunya. In aka ɗaure raga kai tsaye a jikin turaka ba waya, da zarar 'ya'ya sun yi nauyi sai tsakiyarta ta lotsa, iskar hadari guda ta kwantar da layin duka. A riƙa duba gindin turaka saboda gara.

A kafa ragar kafin shuka, ko cikin mako biyu da tsirowa. In aka bari yaɗo ya kwanta ya kama ciyawa, ɗaga shi yana karya kara ya zubar da fure. Layi ya miƙe kudu da arewa domin kowane gefe ya samu rana, tsakanin shuka da shuka kuma santimita 30 zuwa 40.

Amfaninta ya fi fitowa da damina. 'Ya'yan suna rataye, su miƙe sambal, kore ko'ina, babu farin gefen nan na wadda ta kwanta a ƙasa, ruɓa ma ta ragu. Ganye yana bushewa da wuri bayan ruwa, feshi kuma yana kaiwa bayansa, inda cutar da ke sa shi ɗigo-ɗigon rawaya take zama.

Aibinta biyu. Mai arha, wadda ba a yi mata kariyar rana ba, takan fara tsintsinkewa cikin shekara guda, don haka a nemi wadda aka rubuta UV a jikin ledarta. Na biyu, cire busasshen yaɗo bayan girbi aiki ne mai cin rai, kuma guntayen ragar da suka zube a gona haɗari ne ga awaki.

Mai tumatir kada ya sa ran raga za ta hutar da shi, tumatir ba shi da zaren kamawa, sai an bi an ɗaure. Doya da wake mai hawa kuwa da karansu suke naɗewa, sanda ko igiya a tsaye ta ishe su.