Tambayar da wata baturiya ta yi min ranar da naje sayen jif mai fulogi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda labari ya iso muku cewa na canza mota wayata bata huta ba, kowa tambayarsa ɗaya, wai me yasa ban ɗauki mai fulogi ba, wato haibrid (motar da ke aiki da fetur da lantarki) wadda ake jona batirinta da wuta a yi caji, tunda ita ake yayi, ƙanina ma har da cewa in duba masa irinta in turo masa ta ruwa. To bari in baku labarin yadda akayi, don wallahi da niyyar mai fulogin na fita daga gida ranar, wata mata ce ta tare ni da tambaya guda ɗaya, kuma har yau in na tuna sai inji wani abu ya taso min a ƙirji.

Kun san yaran sun zama uku yanzu, kuma nan Ingila doka ce yaro sai ya zauna a kujerarsa ta musamman har ya kai shekara 12 ko tsayinsa ya kai santimita 135, to kujeru uku a bayan 'yar ƙaramar motar nan tawa abun ya gagara, dole sai jif. Na kwashe kusan wata biyu ina bincike, dare yayi maman yara ta kwanta ni ina kan waya, na duba Toyota RAV4, na duba Kia Sportage da Hyundai Tucson waɗanda kusan uwa ɗaya uba ɗaya suke don injinsu iri ɗaya ne, na duba Mitsubishi Outlander wadda ita ce ta fara cika titunan ƙasar nan da masu fulogi tun 2014, sai dai kamfanin ya daina sayar da sababbin motoci a nan a 2021 shi yasa na ɗan ja baya. A ƙarshe zuciyata ta kwanta a kan mai fulogi, naga an rubuta RAV4 ɗin tana yin mil 46 da lantarki zalla ba tare da ta taɓa ɗigon fetur ba, nace shikenan ni da gidan mai sai dai gaisuwa daga nesa.

Ranar Asabar muka shirya muka tafi wani babban wurin sayar da motoci na hannu, ba zan faɗi sunansa ba. Wata baturiya ce ta tarbe mu, ba yarinya bace zata kai shekara hamsin, na nuna mata motar da nake so nace ita nazo ɗauka. Bata ce komai a kan kuɗi ba, sai ta kalle ni tace, ina motar zata riƙa kwana? Nace ban gane ba. Tace kana da gareji ko fili a ƙofar gidanka inda zaka jona ta da wuta kullum da dare? Nace a'a, a bene muke hawa na uku, a bakin titi nake ajiyewa duk inda na samu wuri. Tace wurin aikinka fa akwai wurin caji? Nace babu. Sai kawai ta rufe takardar da ke hannunta tace to gaskiya wannan motar ba taka bace.

Jama'a, a gaban matata fa, ga yara suna tsaye suna kallo. Ji nayi kamar an watsa min ruwan zafi. Abun da ya fara zuwa raina shine ta ganni baƙar fata ta raina ni, tana nufin ban kai matsayin motar ba, don duk wanda ya zauna a ƙasar mutane ya san irin wannan kallon, kuma in ya taɓa samunka sau ɗaya to ko'ina kaje sai ka riƙa hango shi. Nace mata da kuɗina nazo ba roƙo nazo ba, muryata har rawa take, maman yara ta riƙe min hannun riga tana cewa Abban Hafsa kayi haƙuri ka bari ta gama magana. Matar nan ko gezau, tace in ka dage yau zan sayar maka, ni ma ta fi min riba don ta fi tsada, amma ka bani minti biyar. Ta ɗauko biro ta juya bayan takarda ta fara zane.

Ga abun da ta nuna min, kuma daga baya na bi diddigi na tarar haka yake. Haibrid zalla, wato marar fulogi, batirinta ƙarami ne, a yawancin jif ɗin nan bai kai kilowat-awa 2 ba (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), kuma ba'a jona ta da komai, injin ne ke cika shi, sannan duk lokacin da ka taka birki ko ka ɗaga ƙafa daga totur sai motar ta maida ƙarfin gudun nan ya zama wuta ta zuba a batir maimakon ya tafi a zafin birki a banza. Shi yasa a cikin gari da cunkoso take shan mai kaɗan, injin yana mutuwa yana tashi da kansa kai baka ma sani ba. Ita kuwa mai fulogi batirinta babba ne, na RAV4 ɗin da na duba kilowat-awa 18.1 ne, na Sportage da Tucson 13.8, kuma amfaninsa gaba ɗaya yana ga cika shi daga bango. In kana da akwatin caji a gida wajen awa biyu da rabi RAV4 ta cika, in soket ɗin ɗaki ne sai ta kwana tana sha wajen awa bakwai da rabi. In baka cika shi ba motar zata tafi lafiya lau, amma ka koma mai haibrid da ke yawo da ƙarin nauyi sama da kilo 200 ko'ina, ka biya kuɗin batirin kuma kana sayen man ɗaukarsa.

Nace to ai akwai wuraren caji a titi. Tace akwai, amma wutar gida harajin kashi 5 ake ɗora mata, ta waje kashi 20, ga ribar masu wurin, kuma yawancin masu fulogi basa karɓar caji mai sauri irin na motocin lantarki zalla, to zaka ajiye mota a wani layi ka tako gida cikin ruwan sama ka koma bayan awa uku ka ɗauko, kwana nawa zakayi kana haka da yara uku? Wayar caji kuma ba'a yarda ka jawo ta ta ratsa hanyar masu tafiya a ƙasa yadda kaga dama, balle daga hawa na uku. Nayi shiru. Ban sayi komai ba ranar, muka koma gida ban yiwa kowa magana a mota ba.

Da dare na kasa barci na shiga bincike don in kama ta da ƙarya, sai na ci karo da rahoton da hukumar Tarayyar Turai ta fitar a 2024, sun tattara bayanai daga na'urar da ke cikin motoci mai auna man da ake sha da gaske a kan titi, sai aka tarar masu fulogi suna fitar da hayaƙi wajen ninki uku da rabi na abun da aka rubuta a gwaji, kuma babban dalilin shine mutane basa caji yadda aka zata. Washegari na kira wani dattijo ɗan ƙasarmu da ya daɗe yana tuƙin tasi a nan, nace Baba ga abun da ya faru. Yace ɗana matar nan ta yi maka abun da ɗan uwa ke yi, ni na ga masu fulogi da yawa wayar cajinsu tana but a cikin ledarta ba'a taɓa buɗewa ba, ka koma ka bata haƙuri.

Anan ne abun ya fara yi min ciwo ta wani ɓangaren, don na tuna gida. Ku gaya min tsakani da Allah, wane dila ne a wurinmu zaka zo da kuɗin mota mai tsada a hannu yace maka a'a ɗauki mai arha ita ta dace da kai? Sai dai ya rantse maka cewa wata tsohuwa ce ta hau ta a Turai daga gida sai kasuwa, alhali an juya mitar an goge rabin tafiyar da tayi. Nan kuwa duk motar da ta shekara uku sai an kai ta gwajin lafiyar mota da ake kira MOT kowace shekara, kuma lambar mota kawai zaka saka a shafin gwamnati kyauta ya fito maka da mil nawa take a kowane gwaji da duk abun da ta taɓa faɗuwa a kansa. Mu ma masu sayen muna da namu laifin, bama tambayar kanmu tafiyar me nake yi kullum, tambayarmu ita ce wacce ce in na faka za'a juyo a kalla, kuma ni kaina abun da ya kai ni ga mai fulogi kenan ba lissafi ba.

Kada kuce komai na nan daidai yake, akwai abubuwan da ke ci min rai sosai. Na farko sunan haibrid ɗin nan an maida shi abun talla, akwai wata da suke kira ƙaramar haibrid mai batir na bolt 48, yawancinsu basa iya tafiya da lantarki kaɗai ko taku ɗaya, ɗan taimakon injin kawai suke, amma an manna musu sunan a baya kamar sauran, in baka karanta da kyau ba sai ka saya kana murna. Sannan da yawa basa zuwa da safaya, sai wata 'yar kwalbar gam da famfo, taya ta yage a hanya sai dai ka zauna jiran motar ja. Ga ɓarayin tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, sun fi bin haibrid saboda ƙarafa masu daraja na ciki basa saurin lalacewa tunda injin baya aiki kullum, kuma jif tana da tsayi shiga ƙarƙashinta ba wuya, minti kaɗan sun yanke sun tafi. Lokacin sanyi kuma mil ɗin da aka rubuta na lantarki raguwa yake. Bayan na sayi tawa nayi tafiyar sati biyar, na dawo ta ƙi tashi, ashe bayan babban batir akwai ƙarami na bolt 12 irin na kowace mota, shi ke kunna kwamfutar, in ya mutu komai ya tsaya. Na kira gareji akace sai bayan kwana goma akwai wuri. Wallahi ranar naji kewar gida, na tuna bakanikenmu da zaka kira ya hau mashin ya same ka inda kake, ya kasa kunne yaji kukan injin ya gaya maka ciwonta, ku gaisa ya tambayi iyali. Nan ba mai tambayarka iyali, lamba ce kai a kwamfuta.

Amma duk da kewar dole in faɗa muku gaskiya, wannan hannun namu na a cire a jefar ba zai yi da motocin nan ba. Mota ta zo sai a cire tamostat mai daidaita zafin inji wai don ƙasarmu da zafi, a haɗa fanka kai tsaye, a zuba baƙin mai mai kauri duk wanda aka samu, alhali injin haibrid yana mutuwa yana tashi sau ba adadi a tafiya ɗaya kuma siririn mai yake so irin 0W-20 ko ma 0W-16. Wayoyin nan masu ruwan lemo da ke ciki wuta ce ta ɗaruruwan bolt, tana kisa, ba wurin gwaji da sukundireba bane. Kuma batirin yana da 'yar fankarsa da ragar shan iska, galibi wajen kujerar baya, in ƙura ta toshe ta batirin ya riƙa zafi yana mutuwa a hankali, ku da kuka san ƙurarmu ku auna. Nan Toyota na ƙara wa batirin haibrid garanti har shekara 15 in kana kai ta duba duk shekara, Kia na bada shekara 7 ga mota, amma duk wannan a kan takardar sabis yake tsaye, mu kuwa wa ke ajiye takardar sabis?

Sati ya zagayo na koma wurin matar nan ni kaɗai. Na same ta nace ranar nan na ɗaga miki murya kuma ke ce da gaskiya, kiyi haƙuri. Tace ba komai, ta tambaye ni mil nawa nake yi a rana, sau nawa muke doguwar tafiya, muka fita da haibrid zalla 'yar shekara uku na tuƙa, a danja injin ya ɗauke tsit har na zata mutuwa tayi. Ita na ɗauka. Ta ce min duk ranar da Allah ya baka gida mai fili a ƙofa kuma tafiyarka ta yini bata wuce mil talatin ba ka dawo, ranar ni da kaina zan ce ka ɗauki mai fulogi, don ga mai irin wannan gidan babu kamarta, kuma gwamnati tace haibrid zasu ci gaba da sayuwa sababbi har 2035 ko bayan an tsaida masu fetur zalla a 2030, ba gaggawa.

Kai kuma ƙanina da kace in turo maka mai fulogi, ban ƙi ba, amma kafin in saka ko sisi ka ɗauko min hoton inda zata riƙa kwana da soket ɗin da zaka jona, ka gaya min awa nawa kuke samun wuta da dare ba ta janareto ba, sannan ka haɗa ni a waya da bakaniken da ya taɓa buɗe batirin irinta da hannunsa, ina so inyi magana da shi.