FixMyStreet: gwani wajen kai ƙorafi, amma ba ya raba gardamar maƙwabta

Ƙungiyar mySociety ce ta buɗe FixMyStreet, shafin intanet na kai wa hukuma ƙorafin matsalolin titi da unguwa, a Birtaniya a 2007, kuma kyauta ake amfani da shi. Za ka shigar da lambar yankinku ta gidan waya, ka dasa alama a taswira daidai inda matsalar take, ka zaɓi rukuninta, ka haɗa da hoto. Daga nan shafin ne zai nemo hukumar da alhakin ya rataya a wuyanta. Nan ne ya ciri tuta, domin a sassa da dama na Ingila hukumomi biyu ke raba aikin unguwa guda: babbar tana kula da tituna, ƙaramar tana kwashe shara.

A kan ramin titi ko fitilar da ta mutu, ba shi da na biyu. Ƙorafin a fili yake, kowa na gani, kuma bayan kamar mako huɗu za a tambaye ka ko an gyara. Sai dai hukumomi da yawa ba sa gaggawar cike ramin da zurfinsa bai kai milimita 40 ba, don haka tsayar da ruli a cikinsa kafin ka ɗauki hoton.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da unguwa ta rabu biyu. Iyaye na son a shafa layin rawaya a hana ajiye mota a bakin makaranta, masu shaguna kuma sun ce hakan zai kore musu masu saye. Shafin zai miƙa kowane ƙorafi shi kaɗai, kamar ɗayan bai wanzu ba. Ita kuwa hukuma ba da yawan ƙorafi take yanke irin wannan ba. Dole ta tsara umarnin doka, ta tuntuɓi 'yan sanda, ta fitar da sanarwa, ta ba masu adawa aƙalla kwana 21. Shi ya sa akan rufe ƙorafin da gajeriyar amsa, kowane ɓangare ya tafi da zaton an yi watsi da shi. Wannan abin takaici ne, domin shafin ba ya fayyace wa mutum tun farko cewa ba nan ce ƙofar ba.

Akwai kuma rashin daidaito: unguwar masu waya da sukunin rubutu kan cika taswira da alamomi, wadda ta fi ta lalacewa kuma ta zauna fayau.

Buƙatar da ke da masu adawa, a kai ta wurin kansilan mazaɓa a rubuce, da sa hannun mazauna da hotunan lokacin tashi daga makaranta.