Tsohon rediyon gado: wa za ka kai wa, kuma wane gyara za ka nema?

Gidaje da yawa suna da wani rediyo a saman kwaba ko ƙarƙashin gado, an lulluɓe shi da tsumma tun rasuwar mai shi. National ne, ko Philips, ko Grundig da wani alhaji ya shigo da shi. A irinsu aka ji BBC Hausa tun da ta fara a 1957, aka ji Rediyo Kaduna bayan buɗe shi a 1962. In ka yi niyyar tayar da naka, kada ka jona shi da wuta don a gani ko yana yi. Juya bayansa tukuna, domin abin da ke ciki shi zai nuna maka ƙofar da za ka nufa.

In batir yake ci, galibi mai taransista ne, wato wanda babu ƙwayayen gilashi a cikinsa, kuma ka yi sa'a. Ciwon irin wannan sananne ne: batirin da aka manta a ciki ya tsiyaya ya ci sifirin, maɓallin ƙara murya yana ƙarƙar saboda ƙurar hunturu, zaren da ke jan allurar tasha ya tsinke, ko ƙananan kwandansa, wato 'yan kayan da ke adana wuta, sun bushe sai murya ta dawo can ƙasa. Wani lokaci ma zanzaro ne ya yi gini a jikin sifika. Duk wannan aikin dattijon mai gyaran rediyo ne na bakin kasuwa, wanda teburinsa ke cike da matattun rediyoyi yana cirar kaya daga jikinsu. Shi na fi yarda da shi a kan matashi mai gyaran waya, ba don matashin bai iya dalma ba. Aikin waya yawanci cire wannan sa wancan ne, shi kuwa rediyo bin sawun murya ake yi daga eriya har sifika a gano inda ta tsaya. Sai dai ka ja kunnen kowa a kan abu guda. Akwai wasu ƙananan gwangwanaye a kan allon kayan ciki, kowanne da ɗan sukurun saiti a kansa. A masana'anta aka daidaita su. Wanda bai sani ba yakan ɗauka sun kwance ne ya bi su ya ɗaure, daga nan rediyon ya kurmance, kuma mayar da su sai mai na'urar awo.

In kuwa ka leƙa ka ga ƙwayayen gilashi a tsaye, mai bawul ne, galibi na shekarun 1950 zuwa farkon 1960, kuma a nan maganar take da nauyi. Wutar da ke yawo a cikinsa takan kai bolt 250 ko fiye, tana kuma iya maƙalewa a kwandansa bayan an zare fulogi. Wasu rediyoyin ma ba su da taransifomar wuta, don haka ƙarfen jikinsu na iya ɗaukar wutar gida kai tsaye. Duba rubutun baya kuma: wutarmu bolt 230 ce, rediyon da aka yi don Amurka kuwa 110 zuwa 120 yake so, ba ya tashi lafiya sai da taransifomar rage wuta.

Gyaran mai bawul iri biyu ne, kuma ka tambaya a fili wanne za a yi maka. Na farko shi ne a nemo abin da ya mutu a canja, rediyo ya yi magana, ka biya ka tafi. Yana da araha, amma tsofaffin kwandansan takarda da aka shafe da kakin zuma suna nan, kuma bayan shekara sittin kusan dukkansu yoyo suke yi. Akwai guda ɗaya da ke gaban bawul ɗin murya wanda in ya yi yoyo sai bawul ɗin ya riƙa jan wuta fiye da kima har ya ƙone taransifomar sifika, ita kuwa samunta aiki ne. Na biyu shi ne a canja kwandansan takardar gaba ɗaya, a sa sabuwar wayar wuta da fiyus, a tayar da shi a hankali ta hanyar ƙwan fitila da aka jera da shi don ya tare wuta in akwai matsala. Ya fi tsada, yana cin lokaci, amma shi ne gyaran da za ka kunna ka bar ɗaki hankalinka kwance. Mai gyaran da ya ce maka duk bawul ɗin sun mutu tun bai auna ba, ɗauki kayanka. Bawul ya fi kwandansa tsawon rai nesa ba kusa ba, kuma wasu, kamar EL84, har yau ana ƙera su saboda masu amfilifayar jita. Wanda ke wuyar samu shi ne bawul ɗin nan mai koren haske kamar ido a fuskar rediyo, wanda ke tsukewa in tasha ta zauna daidai.

Akwai hanya ta uku da ake yawan tallata wa mutane: a kwashe kayan ciki, a dasa ɗan allon China mai FM da Bluetooth. Zai yi magana a ranar, amma abin da ka mayar gida akwati ne kawai. In FM kake so, yawancin manyan rediyoyin Turai suna da ramin jona garmaho a baya, an rubuta PU ko Gram. A wanda ke da taransifomar wuta, mai gyara zai iya shigar da sautin waya ko ƙaramin rediyo ta nan, ka ji shi da kaurin muryar tsohuwar sifika ba tare da an yanke komai ba. In kayan cikin sun riga sun ruɓe, to babu laifi a dasa sabon allo, amma ka karɓi tsofaffin a leda.

Kafin ka kashe ko sisi, ari ƙaramin Kchibo mai gajeren zango ka zagaya mita 19, 25, 31 da 49 a ɗakin da za ka ajiye rediyon, da safe da kuma bayan isha'i. Inbatar sola, cajar waya da ƙwayayen LED suna cika gajere da matsakaicin zango da ƙugi, kuma babu gyaran da zai kawar da wannan. In Kchibo bai kama komai a ɗakin ba, Grundig ma ba zai kama ba sai an ja masa doguwar wayar eriya zuwa waje, don haka ka sa kuɗinta a cikin cinikin tun farko.