Rigunan kariya da na saya wa iyalina: abin da na gani a ruwan Yauri

A Birnin Kebbi nake aiki, amma duk sallah a Yauri muke yin ta, kuma yarana ba su yarda an yi sallah ba sai an sa su a kwale-kwale an zagaya da su gungu. Ni da na tashi a bakin Kwara na iya ruwa tun ina ƙarami. Su kuwa 'yan birni ne, ko a kududdufi ba su taɓa iyo ba. Tun hatsarin watan Mayun 2021, da jirgi ɗauke da sama da mutum 150 ya tsage a hanyarsa ta zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, nake cewa zan saya musu rigar kariya. Ina ta jan ƙafa har watan Nuwamban shekarar, da aka yi na Bagwai a Kano, inda mutum 29 suka rasu, galibinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Sa'o'in 'ya'yana ne. Daga nan na daina cewa gobe.

Iri biyu na saya a wani shagon kayan wasanni. Ta farko mai araha ce, shara-shara, kamar falmaran. Ta biyu ruwan lemo ce, mai kauri, da tudun soso a bayan wuya, kuɗinta ya kusa ninka na farkon sau uku. A jikin takardar da aka ɗinke cikinta an rubuta 100N da nauyin wanda ta dace da shi. Lambar nan ƙarfin ɗaga mutum a ruwa take nufi. Mai 50N ta wanda ya iya iyo ce kuma yana kusa da gaɓa. Mai 100N ta ruwa mai kwanciya ce irin namu, mai 150N kuma ita ake yi don ta juyo da mutum ko da ya suma. Mai arahar ba lamba ko ɗaya a jikinta. Da na tambaya, mai shagon ya ce, "Alhaji, duk aikinsu ɗaya." Ba ɗaya ba ne.

Kafin in sa kowa a jirgi, na kai su inda ruwa bai wuce ƙuguna ba. Na sa wa babban ɗana mai arahar, na ce ya saki jiki. Ta ɗaga shi, ba laifi, amma sai ta haye masa har kunne, ya koma rub da ciki, fuska a ruwa, sai da na tallafo haɓarsa. Na sauya masa da mai kaurin. Cikin ɗan lokaci ta kwantar da shi rigingine, tudun wuyan ya riƙe kansa a sama, har yana dariya. A nan na gane kuɗin da na ƙara bai faɗi ƙasa banza ba. Wanda jirgi ya kife da shi ba cikin hayyacinsa yake faɗawa ruwa ba. Ko ya firgita, ko katako ya buge shi, ko wani ya ƙanƙame shi. Rigar da za ta bar fuskarsa a ruwa ba ta gama aikinta ba.

Ta yara tana da maɗauri da ke ratsa tsakanin ƙafafu. Auta ta tsane shi, ta yi ta kuka, amma shi ke hana yaro sulɓewa ta ƙasa. Gwajin da nake yi kullum: in an ɗaure, sai in kama kafaɗun rigar in ɗaga. In ta wuce haɓa, ta yi yawa, ko ba a tamke ba. Uwargida kuwa a kan hijabi take sa tata, ta tattare bakinsa ciki, don dogon mayafi in ya jiƙe naɗe hannu yake yi.

Mai kaurin ma tana da aibu. Zafi gare ta ƙwarai, musamman sallar da ta faɗo a bazara. Igiyar usur ɗin biyu daga ciki ta tsinke a shekarar farko, na sake da zaren kamun kifi. Zif ɗin ɗaya ya fara cijewa. Bayanin da ke jiki kuma duk da Turanci ne, alhali masu buƙatarta a nan Hausa suke karantawa.

Wani dattijon Basarke da ke tuƙa mu ya juya ta a hannu ya ce, "Ɗana, ta yi kyau, amma ba ta ganin kututture." Gaskiyarsa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye itatuwa, kututtukansu na nan a ƙasa, da rana ma sai wanda ya san hanya. Shi ya sa ko da rigar a jikinmu, ba na shiga jirgin da gefensa ya kusa sumbatar ruwa don lodi, ba na shiga in hadari ya haɗo, kuma kafin magariba mun fito. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kowane fasinja ya sa riga, amma na sha ganin rigunan tasha a jibge, rana ta cinye su, ana ma zama a kansu har soson ya lanƙwashe.

Mai kaurin nake ba da shawara a saya, a duba lamba da nauyi tukun. Namu a inuwa nake shanya su, in rataye a ɗaki. Mai arahar na yanka ta na zubar, don kada in ba wani ya ɗauka yana da kariya. Bana zan ƙara biyu, saboda 'ya'yan ƙanwata sun ce da su za a je.