Injin ƙyanƙyasar da na sa wa ƙwan kunkuruna

Ƙaramin inji ne na ƙwan kaza, na saye shi a wani shago kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram. Mai shagon, Allah ya saka masa, ya zauna ya nuna mini yadda ake kashe abin da ke juya ƙwai. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake yabonsa, domin ƙwan kunkuru ba a juya shi. In an juya, ɗan da ke ciki yakan mutu. Ni har alama nake yi da fensir a saman kowane ƙwai.

Zafin injin na asali digiri 37 da rabi ne, na kaji ke nan. Kunkurun Sahel kusan 30 yake so, kuma injin ya riƙe hakan daidai. Sai haƙuri, don kwana 21 na kaza ne, shi kuwa sai wata uku zuwa huɗu.

Inda ya gaza: tiren ruwansa ƙarami ne, da hunturu kafin yamma ya ƙafe, dole na ƙara kwano. Kuma ba shi da batir, in an ɗauke wuta sai sola.

Ƴaƴan sukan fito da sauran kwanduwa a cibiya, kada a taɓa ta, da kanta take shigewa. Bayan nan nakan jiƙa su kullum a ruwa mai ɗumi marar zurfi. Don Allah kada a kwaso kunkurun daji, sun yi ƙaranci sosai.