Sharhi a kan aikin mai gyaran da ya rage ƙugin jitata ta lantarki

Wannan sharhi ne a kan aikin wani mai gyaran kayan sauti da ke Sabon Gari a nan Kano, wanda na ɗora wa nauyin gano dalilin da ya sa amfilifayata take ƙugi da zarar na jona mata jita a ɗakina da ke Hotoro. Hukuncina tun daga farko shi ne aikin ya biya kuɗinsa, duk da cewa ƙarar ba ta ɗauke gaba ɗaya ba, kuma akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba waɗanda zan faɗa a inda suka dace.

Kayan da nake da su ba masu yawa ba ne. Jitar ƙirar Stratocaster ce, mai maɗaukan sauti guda uku, wato 'yan na'urorin da ke ƙarƙashin tsirkiya suna ɗaukar motsinta, irin masu naɗin waya ɗaya, sai ƙaramar amfilifaya ta gida, da fedoji uku, wato ƙananan akwatunan sarrafa sauti da ake takawa da ƙafa, waɗanda adafta ɗaya take ba wa wuta a jere, da kwamfutar tafi-da-gidanka da nake naɗar sauti da ita. Salon da nake koyo shi ne na jitar Abzinawan Agadas, wanda yake son sauti garau da barin tsirkiya ta ci gaba da amo bayan an taɓa ta, don haka kowace ƙara da ba a gayyata ba tana fitowa fili. Na je wurin mutumin ne da niyyar sayen fedar nan mai toshe ƙara, domin ita ce abin da abokai suka fi ba ni shawara a kai. Da na yi masa bayani, sai ya ce: "Malam, fedar tana nan, amma idan na sayar maka da ita yau za ka dawo kana ganin na cuce ka. Bari in zo in ga ɗakin tukuna." A kasuwar da kowa yake neman ciniki, wannan magana ita ce ta fara sa na amince da shi.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne tsari. Bai fara da kwance komai ba. Ya cire waya daga amfilifaya ya kunna ta ita kaɗai, ya ƙara mata murya, muka ji ba ta da wata ƙara sai ɗan huci kaɗan, wanda ya nuna ita lafiyarta ƙalau. Daga nan ya jona jita kai tsaye ba tare da fedoji ba, ya mayar da maɓallin muryar jitar zuwa sifiri, ƙarar ta yi ƙasa sosai, ya sake buɗe shi ta dawo. Sannan ya ce in rataya jitar in riƙa juyawa a hankali a inda nake tsaye. Idan na fuskanci bangon da mita da akwatin rarraba wuta suke bayansa, sai ƙugin ya cika ɗaki, idan kuma na juya gefe sai ya lafa har ya kusa ɓacewa. A nan ya nuna mini cewa ƙara iri biyu ce a haɗe, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ƙugi mai kauri na ƙasa-ƙasa wanda ba ya canza murya, akwai kuma wata ƙara mai kaushi a samansa, kamar ta ƙudan da ya maƙale a jikin gilashin taga, wadda take raguwa idan na ɗora hannu a kan tsirkiya.

Ƙugi mai kaurin nan asalinsa wutar gida ce. Wutar Najeriya volt 230 ce, kuma tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, saɓanin ta Amurka mai sau 60, shi ya sa bayanan da ake samu a intanet suke yawan ambaton 60 alhali abin da kunnenmu yake ji a nan 50 ne da ninkinsa, wato 100 da 150. Maɗaukin sauti kuwa maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye kusan 8,000, kuma ba ya bambance motsin tsirkiya da motsin maganaɗisun da ke fita daga taransifoma ko injin fanka. Matsalar tsohuwa ce. Kamfanin Fender ya fito da Stratocaster a 1954 da irin waɗannan maɗaukan, sannan a 1955 Seth Lover na kamfanin Gibson ya nemi rajistar maɗauki mai naɗi biyu da aka juya ɗaya saɓanin ɗayan, ta yadda ƙugin da ɗaya ya ɗauko ɗayan zai soke shi, aka fara sa shi a jitocin kamfanin a 1957. Mai gyaran ya nuna mini wannan dabara a jikin jitata: da ya mayar da makunnin da ake zaɓen maɗauki da shi zuwa matsayi na biyu ko na huɗu, inda maɗauki biyu suke aiki tare, ƙugin ya faɗi nan take, saboda na tsakiyar an naɗe shi ne a juye. Ya gaya mini gaskiya cewa wannan ƙugin ba zai iya kashe shi ba sai an canza maɗaukan, abin da kawai zai yiwu shi ne a nisanta jitar daga tushensa.

Ƙara mai kaushin ce ta ci mafi yawan lokacinsa, kuma a nan ne na ga ƙwarewarsa. Ya riƙa kashe kayan ɗakin ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Regiletar fankar sama irin ta zamani ce, ƙarama wadda ake murzawa, kuma da ya kashe ta sai wani kaso mai yawa na ƙarar ya tafi. Da ya buɗe ta har ƙarshe ƙarar ta ragu, da ya bar ta a tsakiya ta fi tsanani, domin irin wannan regileta tana yanka wutar ne gunduwa-gunduwa kafin ta kai ga fanka. Cajar wayar salula da ke soket ɗaya da amfilifaya ita ma tana da nata kaso, haka wani ƙwan fitila mai arha. Da ya zo kan fedoji, ya cire adafta ya sa wa kowace batir mai volt 9, sai wani siririn kuka da nake ji a duk lokacin da na taka fedar amsa-amo ya ɗauke. Bayaninsa shi ne feda mai aiki da kwamfuta a cikinta tana zubar da ƙara a cikin wayar wuta, sauran fedojin da suke sha daga adafta ɗaya da ita kuma su kwashe. Wannan gwaji na batir ba ya cin komai sai kuɗin batir, kuma duk mai fedoji ya kamata ya fara da shi.

Babban abin da ya gano, wanda ya wuce maganar sauti ya shiga maganar rai, shi ne soket ɗin ɗakin ba shi da wayar ƙasa, wadda masu wayarin suke kira at. Ya auna da mitarsa tsakanin ramin wuta da na dawowa ya samu adadin da ya dace, ya auna tsakanin ramin wuta da ramin sama, wanda shi ne na wayar ƙasa, bai samu abin kirki ba. Da ya kashe wutar gidan ya kwance soket ɗin, sai ga wayoyi biyu kacal, wurin ta uku babu kowa. Akwatin ƙarin soket da nake amfani da shi ma haka yake, yana da rami uku a fuska amma a ciki ba a haɗa na ukun da komai ba. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta hanyar wata waya da ke ƙarƙashin jakin jitar, wato ƙarfen da tsirkiyoyin suke hawa a kansa, kuma jikin amfilifayar ya dogara ne da dogon haƙorin nan na uku na filogi domin ya zubar da duk wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. Idan babu wannan hanya, jikin mai kiɗa ne hanyar da ta rage. Wannan ne dalilin ɗan tsikarin da nake ji a wuyan hannu idan na taɓa kwamfuta tana caji alhali ɗaya hannun yana kan tsirkiya. A 1976 Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds ta Ingila, ya mutu a gidansa sakamakon jan wuta daga jitar lantarki. Saboda haka ne mai gyaran ya ja kunnena sosai a kan shawarar da wasu suke bayarwa ta karya haƙorin filogi domin kashe ƙugi, ya ce ko ƙarar ta ragu, an cire abin da yake tsakanin mutum da wuta ne.

Bai yi aikin wayarin da kansa ba, ya ce wannan ba fanninsa ba ne, kuma na yaba masa da sanin iyakarsa. Na nemi izinin mai gida, muka kira mai wayarin ya kafa sandar jan ƙarfe a bayan ɗaki kusa da magudanar ruwa, ya jawo waya zuwa akwatin rarraba wuta da soket ɗin, ya kuma sa makunnin kariya mai yanke wuta idan ta zurare da milli-amp 30. Zaɓen wuri mai damshi yana da muhimmanci a gari irin Kano, inda ƙasa take bushewa ƙamas daga ƙarshen damina har zuwa bazara, kuma busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta yadda ya kamata. Masu wayarin sun saba zuba gawayi da gishiri a ramin domin taimakon wannan, sai dai gishirin yana cin sandar a hankali, don haka ba aiki ba ne da ake yi a manta da shi. Bayan an gama wannan, tsikarin ya daina, kuma ƙara mai kaushin ta ragu fiye da yadda kowane gyara na daban ya rage ta.

Jitar kanta ya tafi da ita shago. Ya shimfiɗa tef ɗin jan ƙarfe a cikin ramukan da maɗaukai da maɓallai suke zaune da kuma bayan farantin fuska, ya haɗa shimfiɗar duka da wayar ƙasa ta jitar, ya sake liƙa wayar jaki da dalma domin ta yi sako-sako, ya kuma ɗaure bakin da waya take shiga. Da na karɓa na buɗe na duba, kuma aikin dalmar yana da tsabta, kowane ɗigo yana sheƙi babu dunƙule. Ya kamata mai karatu ya san abin da wannan shimfiɗa take iya yi da abin da ba ta iyawa: tana tare ƙarar da ke zuwa daga caja da fitila da kwamfuta, amma ƙugin maganaɗisu yana ratsa ta. Yanzu ko na ɗauke hannu daga tsirkiya ƙarar ba ta tashi kamar da, wanda hakan ya sauƙaƙa mini naɗar sauti ƙwarai.

Abubuwan da ban ji daɗinsu ba guda biyu ne. Na farko, ranar da ya yi alkawarin dawo da jitar ta wuce ba tare da ya kira ba, sai da na bi sahu fiye da sau ɗaya, kuma wannan hali yana rage darajar aiki mai kyau. Na biyu, bai raba mini kuɗin kaya da na aiki ba, ya faɗi jimla kawai, kuma da na tambayi kuɗin tef ɗin shi kaɗai sai ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ai ba za mu ɓata ba." Jimlar ba ta kai kuɗin sabuwar feda mai kyau ba, don haka ba na zargin ya yi tsada, amma mai biya yana da haƙƙin sanin abin da ya biya. Akwai kuma ɗan ƙarce a gefen farantin fuska wanda ba na tuna yana nan kafin jitar ta tafi, ƙarami ne sosai har ban tayar da maganar ba.

Kayan da ya sa na saya biyu ne kawai, kuma duka sun yi amfani. Ɗaya akwatin ba wa fedoji wuta ne wanda kowace kafa tasa a ware take daga 'yar'uwarta, ɗayan kuma wayar jita ce mai kauri mai tsawon mita 3 a madadin doguwar da nake ja a ɗaki, domin doguwar waya tana ƙara kwasar ƙara kuma tana dushe kaifin sauti. Ya kuma sa na haɗa amfilifaya da cajar kwamfuta a soket ɗaya, saboda idan aka jona su a soket daban-daban sannan aka haɗa su da wayar sauti, wayar ƙasa tana zama zobe, zoben kuma yana haifar da nasa ƙugin. Game da fedar toshe ƙara da na je nema, ya ara mini tasa na gwada a gida. Tana yin shiru idan ba a kiɗa, amma da zarar an taɓa tsirkiya ƙarar tana shigowa tare da sautin, kuma idan aka matsa ta sai ta datse amon tsirkiya kafin ya ƙare da kansa. Ga mai kiɗa da sauti mai kaushi da tsayawa cak, tana da rana. Ga salon da nake yi, na mayar masa da ita.

Abin da ya rage har yanzu yana da alaƙa da inda wutar ta fito. Idan wutar gari ce, ɗakin yana da shirun da zan iya naɗar sauti a matsayi na biyu da na huɗu ba tare da damuwa ba, a sauran matsayin kuma sai na juya wa bangon mita gefe. Idan ƙaramin janareta ne, ƙugin yana hawa yana sauka, domin injin sai ya riƙe juyi 3,000 a minti kafin ya ba da 50 daidai, kuma duk lokacin da firji ya tashi injin yana nauyi, muryar ƙugin ta yi ƙasa sannan ta dawo. Inbatar da nake da ita kuwa irin mai arha ce wadda wutarta ba ta fita sumul, kuma ita ce take sa taransifomar amfilifaya kanta kuka ko ba a jona jita ba. Mai gyaran ya ce babu abin da zai yi a kan wannan sai in canza ta da mai fitar da wuta sumul irin ta gari. Kafin in samu halin yin haka, idan aka ɗauke wuta ina cire cajar kwamfuta in yi naɗi a kan batirinta, jita ta shiga akwatin naɗi da ke haɗe da kwamfutar ba tare da amfilifaya ba, fedoji kuma a kan batir mai volt 9.