Koton roba marar fitalet: na gwada shi a fatsar bakin teku

Duk mai fatsa a bakin teku ya san koton roba mai laushi, wanda ake yi da siffar ƙaramin kifi ko jatan lande. Galibinsa da wata roba mai suna PVC ake yin sa, ita kuwa PVC asalinta tauri gare ta, sai an cuɗa ta da sinadarin tausasawa take lanƙwasa. Wannan maiƙon da kake ji a yatsu in ka buɗe leda, wani ɓangarensa shi ne. Sinadaran da aka daɗe ana amfani da su 'yan gidan fitalet ne, irin su DEHP da DBP, kuma ba a ɗaure suke da robar ba, a hankali suke tsatsowa.

Abin da ya sa na koma wani sabon koto da aka yi da roba mai suna TPE ke nan, wanda aka rubuta a ledarsa cewa babu fitalet a ciki. Inda nake jefa ƙugiya duwatsu ne, koto yana yawan maƙalewa zare ya tsinke, kuma duk wanda ya tsinke a ƙasan ruwa zai zauna. DEHP ba ya son narkewa a ruwa, laka yake kamawa, a lakar da iska ba ta shiga kuwa yana daɗewa bai ruɓe ba. A nan tsutsotsi da ƙaguwa suke kiwo, kifi kuma su yake ci. Waɗannan sinadarai suna dagula sinadaran jiki masu kula da haihuwa, shi ya sa Tarayyar Turai, tun daga watan Yulin 2020, ta hana sayar da yawancin kayan da DEHP da DBP da 'yan'uwansu BBP da DIBP suka kai kashi 0.1 cikin ɗari na nauyin robarsu. A ruwa ma ta sa wa DEHP iyaka: maikirogiram 1.3 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace lita, a matsakaicin shekara.

To, ya yake a ruwa? Ya burge ni. Yana da ƙarko ƙwarai, za ka ja shi ya miƙe ya dawo bai yage ba, kifi mai haƙori ya cije shi ka ciro shi lafiya lau. Kuma da yake ba ya nitsewa da kansa, in dalmar da ke nitsar da ƙugiya ta taɓa ƙasa sai wutsiyarsa ta miƙe tana kaɗawa. Wannan ya rage mini maƙalewa sosai, wanda a wurina shi ne babban amfaninsa.

Saka shi a ƙugiya kam sai da haƙuri, don santsi gare shi, yana kuma zamewa in ba ƙugiya mai ƙaya ba ce. Kada ka kuskura ka haɗa shi akwati ɗaya da tsohon koton PVC: maiƙon wancan zai narkar da shi su dunƙule. Rana mai zafi ma tana lalata shi, a ledarsa ya kamata ya zauna.

Abin da ya fi damuna shi ne rubutun ledar. An faɗi abin da babu, ba a faɗi abin da aka zuba ba, alhali wannan robar ma da mai ake tausasa ta. Mai saye yana da haƙƙin ya sani. Sannan roba ce har gobe, ba ta ruɓewa. In ta tsinke za ta farfashe ƙanana-ƙanana, ko kifi ya haɗiye ta. Kuma kada a ɗora wa koto abin da ya fi ƙarfinsa: mafi yawan fitalet da ke isa gaɓar teku ta magudanan birane da koguna da ruwan juji yake zuwa.

Zan ci gaba da sayensa. Wanda ya yage kuma a aljihu nake sa shi in fito da shi, ba na jefa shi cikin ruwa.